Kafin Hadari Ya Haɗo Daga Gabas

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni cewa an gama rabon gado, gidan marigayi Yaya na cikin gari ya faɗo a kasonka, kuma kana so in nemo maka mai fenti kafin ka zo. Allah ya jiƙan Yaya, kai kuma ya sa ka shiga a sa'a. Mai fenti dai ban nema ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na bi ta gidan, na zagaya shi ciki da waje, na sa wani yaro ya hau soro yana faɗa mini abin da ya gani. Gidan nan ba kwalliya yake nema ba tukuna.

Ka daɗe a gidan haya a Abuja, inda in rufi ya yi yoyo sai a kira mai gida a waya. To yanzu in aka kira, wayarka ce za ta yi ƙara. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, a ƙasar nan tamu aikin kowane lokaci a lokacin da ya gabace shi ake yin sa. Gyaran damina da rani ake yi, tanadin hunturu da kaka. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo sannan ya fita neman magini, ya fafe gora ranar tafiya, don a lokacin magini yana gona, ko yana kan soron wanda ya riga shi magana. Kada kuma ka ɗaura gyaran gida a kan Sallah, kamar yadda na ga samari suna yi. Sallar Gani da muke taƙama da ita a Daura kowace shekara matsowa take yi da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, bana ta faɗo cikin ruwa, wata shekarar cikin zafi. Ruwan sama kuwa bai san watan Gani ba. Yuni ya sani, da Yuli, da Agusta.

A wurina shekarar gida da kaka take farawa. Da zarar ruwa ya ɗauke, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, katanga ba ta iya ɓoye komai. Duk abin da damina ta yi mata yana nan a rubuce a jikinta. Ka fito da safe, ba da mota ba, ka bi gidan ta waje da ƙafa. Fara da katangar gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska ta kwaso ruwan ta watsa a wannan gefen, shi ya sa kullum ita ce ke fara tsufa. Ka sunkuya ka dubi gindinta. In ka ga ƙasa ta zaizaye ta yi kamar an yaga da cokali, ko wani farin gishiri-gishiri ya fito, danshi ne ke hawa daga ƙasa. Dakalin da kake gani a ƙofar gidajen da, wanda tsofaffi ke zama a kai da yamma, ba don hira kawai aka yi shi ba. Shi ke tare gindin gini daga ruwan da ke gudu a lungu. Na gidanku ya tsage gida biyu, awaki sun ƙarasa shi.

In ka shiga ciki, kada ka yi wa kanka jagora. Ka sami gwaggonka da ke ɗakin kudu, ka durƙusa ka gaishe ta, ka tambaye ta inda take ajiye kwano in ana ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidajenmu mai ɗakin nan mace ce. Mu maza muna fita da asuba mu dawo da dare, mu ce gida lafiya lau. Kakanka, Allah ya gafarta masa, yana da wata ɗabi'a da muke wa dariya muna yara. In ana tsakiyar marka, ruwa na ɗiga cikin tasa, sai ya ɗauki gawayi ya hau turmi ya zana da'ira a jikin azara daidai inda ɗigon yake. Ba ya gyara komai a ranar. Sai rani ya yi, rufi ya bushe ƙayau, kowa ya manta, shi kuwa zanensa na nan yana jiran magini. Na girma na ga hikimar, don yoyo in ya bushe ba ya barin adireshi.

Sauran aikin kaka gajere ne. A sassabe ciyawar da ta kewaye gida tun tana da ɗan danshi, kafin ta zama maɓoyar maciji da abincin wuta. A share rumbu, a toshe ramin ɓera, a duba duwatsun da ya hau kai kafin a zuba sabon gero a kan tsohon ƙwaro. Wanda ke da danga ko ɗakin jinka, a ƙauyukan Sandamu da Baure har yanzu suna da yawa, yanzu ne kara da zana da shuci suke araha. A watan Afrilu kuɗinsu ya ninka, in ma an samu.

Sai hunturu. Ni ba sanyin nake tsoro ba, wutar da ake kunnawa saboda shi nake tsoro. Iskar arewa maso gabas ta busar da komai, katako ya zama kamar ashana, ga kasko cike da garwashi an tura ƙarƙashin gado, an rufe ƙofa, an cusa tsumma a taga. Ko gobara ba ta tashi ba, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ba a ganinta, ba a jin warinta, mutum ya kwanta lafiya a wayi gari sai dai a ɗauke shi. Janareta ma haka, kada ka yarda a tayar da shi a zaure ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna don tsoron ɓarawo. Hitar dafa ruwa kuma ita ce babbar ɓarauniya: a jona ta, a ɗauke wuta, a manta, a dawo da wuta cikin dare ba kowa a kusa. Wayoyin gidanku tun da can aka ja su da fitila huɗu da rediyo ɗaya a zuciya, yau an ɗora musu firji da dutsen guga da talabijin. Ka kira mai aikin wuta na gaske ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba yaron da ke ɗaure waya da leda ba. Tukunyar gas a shafa wa bakin tiyonta ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai inda take zuba. Fetur a jarka kuwa, kusancinmu da iyaka ya sa wasu sun mai da shi kamar ruwan randa. Kada ya kwana maka a gida.

Na ga Yaya ya sa sola kafin rasuwarsa. Ƙurar hunturu tana rufe fuskarta har ka ɗauka batir ne ya mutu. Ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, shi ke nan.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Gidanku iri biyu ne a haɗe: zaure da ɗakuna uku na ƙasa, ginin kakanka, sai ɓangaren bulo da kwano da Yaya ya ƙara. Kowanne da abincinsa, kuma yawancin ɓarnar da nake gani a garin nan daga ba wa ɗaya abincin ɗaya take fitowa.

Ginin ƙasa yaɓe yake ci. Ƙasar Daura rairayi ya yi mata yawa, ba ko'ina za ka haƙa ka yi gini ba, sai an nemo mai danƙo an kawo a amalanke ko a jakai. A jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa da kashin dabba, a tattake da ƙafa, a rufe a bar ta ta kwana, gobe a sake jiƙawa a sake tattakawa. Magina na da sai ta yi kwanaki tana ruɓa, har warinta ya ishi maƙwabta, sannan su ce ta nuna. Na yanzu da yawa su kwaɓa da safe su yaɓa da azahar, ruwan farko ya wanke ta kamar kunu. In an gama sai a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi ke sa jikin gini ya yi wannan duhu mai sheƙi, ruwa ya zame a kai. Da shi ne ma iyayenmu mata ke yin daɓe, su taru da madaɓai suna buga ƙasa suna waƙa har daɓen ya yi santsi. Masu hali kuma laso suke sa wa rufi: katsin da ake kwasowa daga marina, da gashin jima, da dafara don danƙo. Rufin da aka yi wa laso na kirki yana shekaru bai nemi kowa ba. Yau marina ta yi ƙaranci, ɗorawa ana sare ta a yi itace, masu haɗa laso kuma sai ka yi tambaya kafin a nuna maka ƙofar ɗaya. Ba na ce a koma jiya ba ne. Amma in za ka bar abu, ka san abin da ka bari.

Abin da zan roƙe ka kada ka yi shi ne shafe katangar ƙasa da siminti don ka huta. Na san dalilin da ke sa a yi, ni ma na taɓa yi. Shekarar farko gida ya yi fes, masu wucewa su yaba. Amma ƙasa numfashi take yi, ta sha danshi da damina ta fitar da shi da rani. Siminti ba ya tafiya tare da ita. Sai ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara ta sami ɗaki mai sanyi. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji yana amsawa kamar ganga, to ya riga ya rabu da jikin ginin. Wata rana zai zubo falle guda, ka tarar rabin kaurin katangar babu. Yaɓe in ya gaji a fili yake gaya maka. Fulasta a kan ƙasa kuwa murmushi take yi maka har ranar da za ta kashe ka.

Ba ƙauyanci ba ne a yi wa gini yaɓe duk shekara. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa da aka gina a 1907 har yau garin gaba ɗaya ke fitowa rana guda a yaɓe shi, maza na hawa, mata na kawo ruwa, abin ya zama biki. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina ta ga ƙarnoni, kuma ba don ƙasarta ta fi ta kowa ba ne, hannu ne bai ɗauke daga kanta ba.

Ɓangaren bulo shi ma rani ne lokacinsa, amma ka kula da abu ɗaya: iskar hunturu tana shanye ruwan sabon siminti kafin ya kama. Duk abin da birkila ya yi maka, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Wannan aikin ba a barin wa birkila, ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Yaron gida ake sa wa, kuma a duba shi.

Bari in ba ka labarin indararo, don shi ne ƙaramin abin da ya fi cin gidaje. A daminar 1988, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a Kano, ina da sabon aure, ina zaune a soron da ke bayan zauren nan. Tun bazara kakanka ya ce in hau in duba indararo. Na ce to. Kullum to. Ashe tattabaru sun yi sheƙa a bakinsa, ga wani tsohon takalmin roba da yara suka jefa ya toshe sauran. Wani dare cikin Agusta aka kwana ana ruwa. Ruwan da ya kamata ya sauka a lungu ya taru a kan rufi, rawanin soro ya riƙe shi kamar kwano. Wajen asuba na ji wani ɗan ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana karya kara a hankali. Matata ce ta fara gane ko mene ne. Ba ta yi magana ba, ta fizgi hannuna muka fito tsakar gida cikin ruwa, ko takalmi babu. Ba mu kai ga buga ƙofar kakanka ba rufin ya zauna a kan gadon da muka tashi. Da gari ya waye ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba. Ya sa sanda ya zaƙulo takalmin nan daga cikin laka, ya miƙo mini, ya koma ɗakinsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don haka kafin ruwan farko, kai da kanka ko wanda ka yarda da idonsa, a hau. A share rufi, a zura sanda cikin kowane indararo, a zuba bokitin ruwa a ga inda ya bi. In ya tsaya ya yi tafki a tsakiya, rufin ya lotsa, a cike. Indararon kuma ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin katanga, a sa dutse ko fasasshen bulo inda yake sauka. Azara ka soka mata wuƙa a ƙarshenta, inda ta shiga cikin gini, don nan take fara ruɓa. Giginya ce, gara ba ta cika son ta ba, amma danshi na cin ta, kuma yanzu daga nesa ake kawo ta da tsada.

Kwano kuma ba ruwa ne abokin gabarsa ba, iska ce. Guguwar da ke share wa ruwan farko hanya a watan Mayu ko Yuni, wadda ke mai da rana dare da jar ƙura, ita ke kwashe rufi ta kai shi gonar wani. Ba ta ɗaga kwanon da ke daram. Gefe ɗaya take nema da ƙusa ta saki, ta shiga ta ƙarƙashi. Kafinta ya bi ƙusoshi, ya duba ko katakon a ɗaure yake da jikin gini da rodi ko waya, ba ɗora shi kawai aka yi ba. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano da ake yi, dabara ce ta wanda bai da yadda zai yi, kuma in iskar ta fi ƙarfinsu kan mutane suke faɗowa. Darbejiyar tsakar gida a rage mata rassan da suka haye rufi. Kada dai a sare ta, wanda ya sha bazarar Daura ya san darajar inuwa. Tagogin da aka toshe da hunturu kuma a buɗe su, lokacin sanƙarau ne, cunkoso a ɗaki marar iska ba ya yi wa yara kyau.

Bazara ce kuma lokacin yasar rijiya, sa'ad da ruwa ya ja baya. Mu mutanen garin rijiyar Kusugu bai kamata a koya mana girmama rijiya ba, amma duk da haka ina faɗa: kada mai yasa ya shiga sai an zura fitila mai wuta an ga ba ta mutu ba, kuma da igiya a ƙugunsa da mutane a baki. A gyara bakin rijiyar ya ɗaga sama da ƙasa don kada ruwan tsakar gida ya gangara ciki. Masai ma a duba murfinsa. A ƙasa mai rairayi ramin yana cin gefensa a ɓoye, ya bar siminti a rataye. Masana lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A cikin gari ba kowa ke da wannan fili ba, shi ya sa ruwan sha a tafasa ko a sa masa magani in damina ta yi nisa.

Rariya da kwata ba naka ba ne kai kaɗai. Ruwan da muke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, wajen milimita 600 ne, amma rabinsa ko fiye a Yuli da Agusta yake zubowa, wani lokaci na mako biyu a dare ɗaya. Wanda ya tuna Jibiya a Yulin 2018, inda ruwan dare ɗaya ya ci sama da mutum 40, ba zai raina hanyar ruwa ba. Leda ce ta zame mana annoba. Ku haɗu da maƙwabta ku yi gayya ku yashe kwatar lungu tun daga sama har inda take zuba, don in ka share ƙofarka kaɗai, sharar na sama za ta zo ta same ka. Kuma ka dubi inda indararonka ke zuba. Na yamma, na lura, a jikin katangar maƙwabcinku yake sauka. Ya yi shiru ne saboda kunyar Yaya. Ka juya shi kafin maganar ta kai gaban mai unguwa.

In damina ta kankama, aiki ya ƙare, saura ido. Ba a yaɓe cikin marka, ba a hawa jiƙaƙƙen soro. A kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi saboda sauro, a riƙa zana da'irar gawayi. Amma tsaga daban ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. In ka ga sabuwar tsaga, ka manna mata ɗan laka ko ka ja layi a ƙarshenta. Gobe in lakar ta rabu, ko tsagar ta wuce layin, ginin tafiya yake yi. Ranar nan ba a kwana a ɗakin, ko da a zaure za a shimfiɗa tabarma, ko a gidan maƙwabta. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin da ya haura shekara 150, ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Birni a Damagaram, nan bayan Kwangwalam, ya zube bayan ruwa mai yawa. Gine-gine ne da gwanaye suka yi, masu kauri, da jama'a a kansu kullum. Balle ɗakin gwaggonka.

Batun kuɗi ba zan tsawaita ba. Duk wata ka ware wani abu kaɗan da sunan gidan, kamar kana biyan haya, ka ba wanda ba zai ranta wa kowa ba. Ni tunkiya nake saya da kaka a kasuwar Mai'aduwa in sayar in bazara ta matso, kuɗin magini ke nan.

Akwai wani tsohon magini a unguwarmu, shi ya ɗora rufin da ya maye wanda ya faɗo mana. Idonsa ya yi rauni, ba ya hawa tsani, amma in ya buga katanga da sandarsa ya kasa kunne zai gaya maka abin da ke cikinta. Na yi masa magana, ya ce Asabar ta biyu bayan an gama ɗaurin gero. Ka taho da kayan da ba ka jin tausayinsu, don kai za ka hau, shi yana ƙasa yana tambayarka. Ka zo masa da goro, fari yake so. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka ce wa ƙaramin ina nan ina ajiye masa goriba.

Baffanka.